Gushewar Madaƙilan Ƙari a Sankarar Gidan Ƙwai: Lokacinta, Hanyoyinta da Tasirinta ga Magani

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda gushewar sinadaran gado masu daƙile ƙari take haifar da sankarar gidan ƙwai, tare da mai da hankali ga nau'in seros mai tsanani, wanda shi ne ya fi kisa. An bi bugaggun ayyukan masana daga 1969 zuwa ’yan shekarun nan, aka auna kowane sinadari da tambayoyi uku: yaushe yake gushewa, ta wace hanya, kuma me gushewarsa take jawowa. Nazarin ya nuna cewa gushewar tana bin tsari: TP53 ne yake fara tawaya a bututun ƙwai, sannan tsarin gyaran DNA ya lalace, daga nan sauran madaƙilan su biyo baya. Ya kuma nuna cewa abin da yake yanke yadda ƙari zai karɓi magani shi ne halin da aikin sinadarin yake ciki a lokacin jinya, domin aikin da ya gushe yakan iya dawowa.

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mata kimanin 324,000 ne suka kamu da sankarar gidan ƙwai, kimanin 207,000 kuma suka rasu a sanadinta. Babban dalilin yawan mace-macen shi ne makarar ganowa. Alamun cutar, irin su kumburin ciki da saurin ƙoshi da yawan fitsari, suna kama da na larurorin yau da kullum, saboda haka galibi sai ta riga ta bazu a cikin ciki ake gane ta. Babban gwajin tantancewa da aka yi a Birtaniya kan mata sama da 200,000, wanda aka buga sakamakonsa na ƙarshe a 2021, bai nuna raguwar mace-mace ba. Wannan ya ƙara karkata hankalin masana zuwa ga tushen cutar a cikin ƙwayar halitta.

Sunan sankarar gidan ƙwai ya tattaro cututtuka mabambanta. Daga cikin waɗanda suke tasowa daga tantanin da ke lulluɓe gaɓoɓi akwai manyan nau'o'i biyar: seros mai tsanani, seros mai sauƙi, mai kama da shimfiɗar mahaifa, mai garai-garan ƙwaya, da mai yauƙi. Na farkon shi ne kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan rukuni, kuma shi ne sanadin mafi yawan mace-macen.

A wannan takarda, sinadarin gado yana nufin yankin DNA mai ɗauke da umarnin haɗa furotin. Waɗanda jirkitarsu take ingiza ƙwaya ga yawaita an kira su mazugan ƙari. Waɗanda aikinsu shi ne tsayar da rabuwar ƙwaya, ko gyara DNA, ko sa lalatacciyar ƙwaya ta kashe kanta, an kira su madaƙilan ƙari.

1.1 Manufar Takarda

Manufar takardar ita ce fito da tsarin da gushewar madaƙilan ƙari take bi a wannan cuta, da bayyana dalilin da ya sa samun jirkita a sakamakon gwaji bai wadatar wajen hasashen yadda ƙari zai karɓi magani ba.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Ra'in Madaƙilan Ƙari

Harris da abokan aikinsa (1969) sun haɗe ƙwayoyin sankara da lafiyayyun ƙwayoyi, suka tarar cewa haɗakar ta rasa ikon haifar da ƙari. Wannan ya nuna cewa lafiyayyar ƙwaya tana da wani abu da ta sankara ta rasa. Knudson (1971) ya yi nazarin yara 48 masu sankarar ido, ya fito da ra'in bugu biyu: kowane sinadari kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma sai duka biyun sun lalace ƙari yake tasowa. Yaron da ya gaji kwafi ɗaya a lalace bugu ɗaya ya rage masa, shi ya sa cutar take kama shi da wuri, sau da yawa a ido biyu. An ware sinadarin da ke bayan wannan, wato RB1, a 1986.

An gano furotin p53, wanda sinadarin TP53 yake ɗauke da umarnin haɗa shi, a 1979 a ɗakunan binciken Lane da na Levine, aka ɗauke shi a matsayin mazugi har tsawon shekara goma, sai a 1989 rukunin Vogelstein ya tabbatar da cewa madaƙili ne. King da abokan aikinta (1990) sun gano mazaunin madaƙilin BRCA1 a kuromosom na 17, rukunin Skolnick ya ware shi a 1994, rukunin Stratton a Ingila kuma ya ware BRCA2 da ke kuromosom na 13 a 1995. An gano PTEN a kuromosom na 10 a 1997.

2.2 Ra'ayoyi kan Mafarin Cutar

Fathalla (1971), masani ɗan ƙasar Masar, ya kawo ra'in cewa fashewar da bangon gidan ƙwai yake yi duk wata lokacin fitar ƙwai, da ɗinkewar da take biyo baya, su ne suke share fagen sankara. Ra'in ya yi daidai da abin da aka lura da shi na cewa haihuwa da shayarwa da ƙwayoyin tsarin iyali suna rage haɗarin cutar. Matsalarsa ita ce an daɗe ana neman matakin farko na seros mai tsanani a bangon gidan ƙwai ba a samu ba.

Piek da abokan aikinsa (2001) a ƙasar Holan sun duba bututun ƙwai da aka cire wa mata masu gadon cutar domin rigakafi, suka ga gurɓatattun ƙwayoyi a cikinsa. Rukunin Crum a Boston ya faɗaɗa wannan a 2007, ya nuna cewa gezar bututun, wato bakinsa da yake shafar gidan ƙwai, nan ne cutar ta fi farawa. Shih da Kurman (2004) kuma sun raba cutar gida biyu: rukuni mai tafiyar hawainiya wanda mazugan ƙari irin su KRAS da BRAF suka fi yawa a cikinsa, da rukuni mai gaggawa wanda tawayar TP53 ta mamaye.

2.3 Giɓin da Takardar Ta Duba

Yawancin bayanan da ake koyarwa sukan jero madaƙilan da adadin jirkitarsu a matsayin jerin sunaye. Jeri irin wannan ba ya nuna wanda ya riga wani, ba ya kuma bambanta hanyoyin gushewa, alhali waɗannan biyun su ne suke da alaƙa kai tsaye da rigakafi da magani.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Takardar ta dogara ga bugaggun ayyuka iri huɗu: manyan ayyukan karanta DNA na ƙari, nazarin naman da aka cire a tiyata, gwaje-gwaje kan ɓeraye, da gwajin magunguna kan majinyata. An auna kowane madaƙili da mizani uku: lokacin gushewa, hanyar gushewa, da sakamakonta. An ɗauki gushewa a matsayin rasa aikin furotin, ko ta jirkitar haruffan DNA, ko ta ɓacewar wani yanki na kuromosom, ko ta karyewarsa, ko ta toshe mabuɗin sinadarin da metil.

4.0 Nazari

4.1 TP53: Bugun Farko

Furotin p53 yana da amino asid 393, kuma sinadarinsa yana kan gajeren hannun kuromosom na 17. A lafiyayyar ƙwaya kaɗan ne ake samunsa, domin furotin MDM2 yana rushe shi a kai a kai. Da zarar DNA ya samu rauni sai rushewar ta tsaya, p53 ya taru, ya kunna p21 wanda yake dakatar da rabuwar ƙwaya har a gama gyara. Idan raunin ya fi ƙarfin gyara, sai ya umarci ƙwayar ta kashe kanta.

Shirin taswirar gadon sankara na Amurka, wanda aka fi sani da TCGA, ya buga nazarin ƙari 489 na seros mai tsanani a 2011, aka karanta sinadaran 316 daga ciki. An sami jirkitar TP53 a kashi 96 cikin 100. Ahmed da abokan aikinsa (2010) sun riga sun sami adadi kusan irin wannan. Saboda haka a yau idan masanin nama ya tarar da lafiyayyen TP53 a ƙarin da aka ce seros mai tsanani ne, yakan sake duba nau'in ƙarin.

Kimanin kashi biyu cikin uku na jirkitar canjin harafi guda ce, wadda take samar da naƙasasshen furotin da yake taruwa a cibiyar ƙwaya. Ragowar kuma takan katse furotin ko ta hana samuwarsa. A nan ra'in Knudson yana buƙatar ƙarin bayani: p53 yana aiki ne a curin guda huɗu, don haka naƙasasshe yana iya shiga curin ya raunana lafiyayyun tun kafin kwafi na biyu ya ɓace.

Game da lokaci, hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ake kira tambarin p53: jerin ƙwayoyi goma sha biyu ko fiye a gezar bututu, waɗanda siffarsu lafiya lau ce amma suna ɗauke da jirkitaccen TP53. Lee da abokan aikinsa (2007) sun same shi a kusan kashi ɗaya cikin uku na bututun da suka duba, a mata masu gadon BRCA da marasa shi. Tun da haɗarin kamuwa da cutar a tsawon rayuwar mace bai wuce kashi ɗaya da ’yan ɗigo cikin 100 ba, a fili yake cewa mafi yawan tambarin ba sa zama sankara. Haka nan iyalan da suka gaji tawayar TP53, wato masu larurar Li-Fraumeni, sun fi kamuwa da sankarar mama da ta ƙashi da tsoka da ta ƙwaƙwalwa, ta gidan ƙwai ba ta cikin manyan cututtukansu. Tawayar TP53 sharaɗi ce da sai da ita, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Tsagewar bango ce, sai daga baya ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mataki na gaba shi ne sankarar da take zaune a cikin tantanin bututu ba ta riga ta kutsa ba, wadda ake taƙaita sunanta da STIC. Labidi-Galy da abokan aikinta (2017) sun kwatanta DNA na tambari da na STIC da na ƙarin gidan ƙwai daga jikin kowace majinyaciya, suka sami jirkitar TP53 iri ɗaya a dukansu, suka kuma ƙiyasta tazarar kimanin shekara bakwai tsakanin STIC da bayyanar ƙari a gidan ƙwai.

4.2 BRCA1 da BRCA2: Lalacewar Gyaran DNA

DNA igiya biyu ce a murɗe. Idan duka biyun suka tsinke a wuri guda, hanyar gyara marar kuskure ita ce a kwaikwayi takwarar kuromosom ɗin a cike giɓin, abin da takardar ta kira gyaran kwaikwayo. BRCA1 yana shirya bakin da ya tsinke, BRCA2 kuma yana ɗora furotin RAD51 a kansa domin ya nemo takwarar. Idan wannan hanya ta toshe, ƙwaya takan koma ga liƙa tsinkakkun bakuna yadda ta samu, sai kuromosom su yi ta karyewa da musayar sassa. Wannan ya sa aka san seros mai tsanani da hargitsewar kuromosom fiye da yawan jirkitar haruffa.

Kuchenbaecker da abokan aikinta (2017) sun ƙiyasta cewa zuwa shekara 80, haɗarin cutar ga mai gadon tawayar BRCA1 kashi 44 ne cikin 100, ga mai ta BRCA2 kuma kashi 17. A nazarin TCGA kimanin kashi 20 na ƙarin suna da jirkitar ɗaya daga cikin biyun, ko ta gado ko wadda ta auku a ƙarin kansa, wasu kashi 11 kuma metil ne ya toshe musu BRCA1. Idan aka haɗa da sauran sinadaran hanyar, irin su RAD51C, kimanin rabin ƙarin suna da naƙasa a gyaran kwaikwayo.

Abu biyu ne suke tabbatar da cewa gushewar BRCA a bayan ta TP53 take zuwa. Na farko, ɓeran da aka cire wa duka kwafin BRCA1 tun yana cikin uwarsa yake mutuwa, amma idan aka haɗa da cire p53 yakan ƙara daɗewa. Ma'ana, ƙwayar da ta rasa BRCA1 alhali p53 ɗinta yana aiki ba ta rayuwa balle ta zama ƙari. Na biyu, TP53 da BRCA1 da NF1 duk a kuromosom na 17 suke, kuma ɓacewar kwafi guda na wannan kuromosom abu ne da ya yawaita a wannan cuta. Don haka aukuwa guda tana iya kwashe lafiyayyen kwafin madaƙili fiye da ɗaya a lokaci ɗaya.

Hanyar gushewa ma tana da tasiri. A nazarin TCGA, masu jirkitar BRCA sun fi sauran daɗewa a raye, amma waɗanda metil ya toshe musu BRCA1 ba su sami wannan rinjaye ba. Toshewar metil ba ta taɓa haruffan DNA, saboda haka tana iya warwarewa. Kondrashova da abokan aikinta (2018) sun nuna cewa sai metil ya toshe dukkan kwafin BRCA1 ƙari yake jin magani, kuma buɗewar kwafi guda ta isa ta dawo da gyara.

4.3 PTEN, RB1 da NF1

PTEN yana kashe saƙon girma da yake bi ta hanyar PI3K da AKT, NF1 yana kashe RAS, RB1 kuma yana tsare mashigar da ƙwaya take bi ta fara kwafar DNA. Karatun haruffa kaɗai ya nuna jirkitarsu ba ta da yawa a seros mai tsanani. Patch da abokan aikinta (2015) a Ostireliya sun karanta ilahirin DNA na ƙarin majinyata 92, suka gano cewa karyewar kuromosom a tsakiyar sinadarin ce take kashe su, kuma da aka lissafa da ita sai gushewar NF1 da ta RB1 kowacce ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ya dace da tsarin da aka bayyana: hargitsin da rashin p53 da BRCA ya haifar shi ne yake karya sauran madaƙilan.

Perets da abokan aikinta (2013) sun gwada tsarin a ɓeraye. Da suka kashe BRCA da TP53 da PTEN a ƙwayoyin bututun ƙwai, sai STIC ya bayyana, ya bazu zuwa gidan ƙwai da tantanin ciki. Cire bututun tun da wuri ya hana cutar.

4.4 Sauran Nau'o'in Cutar

Nau'i mai garai-garan ƙwaya da mai kama da shimfiɗar mahaifa galibi daga larurar endometiriyosis suke tasowa, wato tsirowar shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa, kuma madaƙilinsu daban ne. Wiegand da abokan aikinta (2010) a Kanada sun sami jirkitar ARID1A a kashi 46 cikin 100 na farkon da kashi 30 na biyun, ba su same ta ko sau ɗaya a ƙari 76 na seros mai tsanani ba. ARID1A yana cikin curin furotin da yake sassauta naɗin DNA domin a iya karanta shi. Gushewar PTEN da ta sinadaran larurar Lynch, irin su MLH1 da MSH2, ita ma a waɗannan nau'o'i biyu ta fi bayyana. Wani nau'i da ba a cika samu ba, mai ƙananan ƙwayoyi da yake kama ’yan mata da matasa, an tabbatar a 2014 cewa gushewar SMARCA4 ce tushensa.

4.5 Gushewa da Magani

Mayar da abin da ya gushe ya fi toshe abin da ya yi yawa wuya. An gwada shigar da lafiyayyen TP53 cikin ƙari ta hanyar ƙwayar cutar bairos, amma an dakatar da babban gwajin a farkon shekarun 2000 saboda bai nuna amfani ba. Nasarar da aka samu ta zo ne ta cin gajiyar raunin da gushewar ta bari.

Magungunan filatinom, irin su kabofilatin, suna ɗaure igiyoyin DNA biyu, kuma kwance su yana buƙatar gyaran kwaikwayo. Shi ya sa ƙarin da ya rasa BRCA ya fi jin su. A 2005 rukunin Helleday da na Ashworth, kowanne a nasa ɓangaren, sun nuna cewa toshe furotin PARP, mai gyara tsinkewar igiya ɗaya, yana kashe ƙwayar da ta rasa BRCA amma ya bar wadda take da lafiyayyen kwafi guda. Rashi ɗaya ƙwaya tana jure shi, biyu a haɗe kuwa halaka ne. An amince da maganin olaparib, mai toshe PARP, a Amurka da Turai a Disambar 2014. A gwajin SOLO-1 (2018) kan majinyata 391 masu jirkitar BRCA, ya rage haɗarin ci gaban cutar ko mutuwa da kashi 70 cikin 100. Bayan shekara bakwai, kashi 67 na masu shan sa suna raye, a ɓangaren waɗanda ba a ba su shi a gwajin ba kuma kashi 46.5, ko da yake bambancin bai cika ma'aunin ƙididdigar da aka gindaya tun farko ba.

Sai dai gushewar ba ta dawwama a kowane hali. Sakai da Edwards, kowanne da abokan aikinsa (2008), sun nuna cewa jirkita ta biyu tana iya daidaita karatun BRCA2 har furotin ya dawo aiki, ƙarin ya daina jin filatinom da masu toshe PARP. Majinyaciyar tana nan da gadonta, gwajin jininta ba zai canza ba, amma ƙarinta ya canza. A ɗaya gefen kuma, ƙarin da sinadarin CCNE1 ya ninku a cikinsa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar, da wuya ya haɗu da gushewar BRCA, kuma yakan bijire wa filatinom tun farko.

5.0 Sakamakon Bincike

Na ɗaya, gushewar madaƙilan ƙari a seros mai tsanani tana da jeri: TP53, sannan gyaran DNA a kimanin rabin majinyata, sannan PTEN da RB1 da NF1. Na biyu, matakan farko a bututun ƙwai suke aukuwa, shekaru kafin alamu su bayyana. Na uku, kowane nau'in cutar da madaƙilan da suka keɓanta da shi. Na huɗu, hanyar gushewa da ɗorewarta su ne suke yanke tasirin magani.

6.0 Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan nazari yana da amfani a aikace ta fuska uku. Ta fuskar rigakafi, ana shawartar mai gadon BRCA1 ta cire bututu da gidan ƙwai tsakanin shekara 35 zuwa 40 bayan ta gama haihuwa, mai BRCA2 kuma tsakanin 40 zuwa 45, abin da yake rage haɗarin da kimanin kashi 80 cikin 100. Tun 2010 likitocin lardin British Columbia na Kanada suke ƙarfafa cire bututun ga duk matar da za a yi wa tiyatar cire mahaifa ko ta tsayar da haihuwa. Ta fuskar ganowa, rina nama domin duba p53 hanya ce mai sauƙin kuɗi ta tabbatar da nau'in ƙari. Ta fuskar magani, ya kamata a sake auna halin ƙarin idan cutar ta dawo, maimakon dogara ga sakamakon farko.

Yawancin alƙaluman da aka kawo daga matan Turai da Amurka da Ostireliya aka samo su. Binciken da Zheng da Olopade da abokan aikinsu suka yi a Ibadan (2018) kan mata 1,136 masu sankarar mama ya sami gadon tawayar BRCA1 a kashi 7 cikin 100, ta BRCA2 a kashi 4. Tun da manyan sinadaran da suke haddasa sankarar mama ta gado su ne suke haddasa ta gidan ƙwai ta gado, takardar tana kira ga asibitocin koyarwa na Nijeriya da maƙwabtanta da su mai da tambayar tarihin cutar a dangin uwa da na uba wani ɓangare na karɓar kowace majinyaciya, su kuma fara adana naman ƙari da bayanansa domin a yi irin wannan bincike kan sankarar gidan ƙwai a tsakanin matan Afirka.